Mai nasara goma ko mai uku: ka ji amsata

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce koci biyu na ƙwallon Amurka sun yi maka tayin zama ƙaramin mataimaki, ɗaya ya ci wasa 10 cikin 12 a kakar da ta wuce, ɗayan 3 kacal, kana so in tabbatar maka mai goman ne gwani don ka ɗaure kaya ka bi shi. Ai ka riga ka yanke shawara, albarkata kawai kake nema. Da tambayarka ba ta taɓo min tsohon miki ba, da na ce Allah ya kiyaye hanya na ci gaba da harkata.

Lissafin ci da shan kaye na 'yan kallo ne da 'yan jarida. Mu da muka ci abinci da ƙwallon Amurka a jami'a mun san alƙaluman nan mutum uku suka haife su: wanda ya ɗebo yaran shekaru uku ko huɗu baya, wanda ya tsara jadawalin wasanni, da wanda yake sakin kuɗi. Kocin da sunansa yake jikin takarda wani lokaci ba ya cikin ko ɗaya.

Ka duba Larry Coker a jami'ar Miami. Ya hau kujera a 2001, ya ci kofin ƙasa a shekararsa ta farko, ya jera wasa 24 ba wanda ya kayar da shi. Su wa ya ci da su? Su Ed Reed da Andre Johnson da Clinton Portis, yaran da aka tara zamanin Butch Davis, kocin da ya gada. Ban ce ba shi da hannu ba, yana cikin mataimakan lokacin. Amma da yaran suka gama suka tafi, ƙungiyar ta fara zamewa, a 2006 aka sallame shi, ya bar aikin da nasara 60 da shan kaye 15. Gene Chizik kuwa abin nasa ya fi ban dariya. A Iowa State ya ci 5 ya sha kaye 19. A Auburn, 2010, ya ci 14 ba faɗuwa ko ɗaya, har da kofin ƙasa, saboda Allah ya haɗa shi da gwanin mai jefa ƙwallo Cam Newton. Newton ya tafi, 2012 ya ci 3 ya sha kaye 9, aka kore shi. Mutum ɗaya ne, kansa bai canja ba. To gaya min, wanne lissafin ne nasa?

Yanzu bari ka ji abin da ya sa nake hasala.

Maigidana na farko, Allah ya saka masa, ya karɓi wata ƙaramar jami'a da ba zan ambaci sunanta ba. Ni ne mai horar da ƙartin gaba masu tare wa mai jefa ƙwallo, kuma ni ke yawon neman yara. Mun tarar da kango. Rabin 'yan wasan sun faɗi jarrabawa, ɗakin ɗaga ƙarfe ya zama ma'ajiyar kujeru, makarantun sakandaren yankin ko wayarmu ba sa ɗagawa. Daraktan wasanni ya kira mu ofishinsa, ya yi mana shayi, ya dafa kafaɗar maigida ya ce shi ba ruwansa da nasara yanzu, mu gina, zai ba mu lokaci har yaranmu su balaga a fili. Da bakinsa ya faɗa, ina zaune.

Sai muka yi aikin yadda ake yinsa. Na bi ƙauyuka cikin sanyin da ke fasa leɓe, na zauna a ɗakunan iyaye, na ci abincin da ban san sunansa ba, na ɗebo yara dogaye sirara da manyan makarantu suka raina. Ƙato na gaba ba a samunsa a shirye, kiwonsa ake yi. Maigida ya ce shekarar farko ba za su buga ba, su ci abinci, su ɗaga ƙarfe, su koyi ajiye ƙafa, a adana musu shekarar wasansu. Ma'ana mun yarda da gangan mu sha kaye yau da ragowar da muka gada. Duk mai hankali a sana'ar nan ya san dabarar.

Shi kuwa daraktan, kuɗi yake nema. Kowace kaka sai ya sayar da mu ga manyan jami'o'i: mu je gidansu, su lallasa mu gaban jama'arsu, a ba makaranta cek. Ka san a lokacin babbar makaranta tana da guraben karatu kyauta 85 na 'yan wasa, matakin da ke ƙasa 63 ne iyakarsa, mu ko su ba a cika mana ba. Kada ka kawo min zancen Appalachian State da ta karɓi dala 400,000 ta je ta doke Michigan 34 da 32 a 2007. Ana tuna shi ne don ba ya faruwa. Mu dai muna dawowa da yara a karye, ɗaya gwiwa, ɗaya kafaɗa, sati na gaba mu shiga wasan sa'o'inmu da gurguwar ƙungiya. Da kuɗin dukan da muke sha aka gyara ofishinsa da filin wani wasan daban.

Ana cikin haka yaran suka fara cika ido. Wasannin da a da ake gama da mu kafin hutun rabin lokaci, yanzu sai a mintin ƙarshe ake kuɓuce mana. Duk wanda ya kalli bidiyon ya san abin da ke tafe. Na je na tambayi daraktan nan ido da ido ko in sayi gida in ɗauko iyali, ya ce in saya, muna nan daram. Na saya. Kaka na ƙarewa, wasu attajiran tsofaffin ɗalibai suka matsa masa, ya kira mu ofishin nan dai, wannan karon ba shayi. Ya ɗauko takarda ya karanta mana ci da shan kaye, har da wasannin da shi da kansa ya sayar da mu. Maigida ya tuna masa alkawari, ya ce bai ga inda aka rubuta ba. In an kori babba a wannan sana'a, mataimaka duk shara ɗaya ake yi da su. Kwantiragina na shekara-shekara ne, ko sisi ban samu ba, gidan kuma na sayar da shi a faɗuwa.

Wanda aka kawo ya tarar da ƙartina sun ƙoshi, ya roƙi a rage masa wasannin kuɗi aka rage, ya lashe kofin rukuni a shekararsa ta farko. Aka ba shi lambar yabo, wata babbar makaranta ta ɗauke shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maigida bai sake riƙe ƙungiya ba, domin duk inda ya nemi aiki takardar nan ce take riga shi isa. Har yau ban ga wanda ya kai shi iya koyar da yaro ba.

Inda shugabanni suka yi haƙuri kuwa, ga abin da ya fito. Frank Beamer ya karɓi Virginia Tech a 1987 tana ƙarƙashin takunkumin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Shekara shida ya ci 24, ya sha kaye 40, canjaras 2, a 1992 ma wasa 2 ya ci. Aka bar shi. A kakar 1999 ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa da mai jefa ƙwallonsu Michael Vick. Bill Snyder ya fara da ci 1 shan kaye 10 a Kansas State a 1989, yau sunansa ne a jikin filin wasansu. Nebraska kuma ta kori Frank Solich a 2003 bayan ya ci 9 cikin 12, wai bai isa ba, ga shi tun 1999 rabonsu da kofin rukuni.

Kada ka je ka ce na ce nasara banza ce. Wanda ya shekara goma sha da yaran da ya ɗebo da hannunsa, lissafinsa nasa ne, ba ya da wurin ɓuya. Nick Saban, yana kocin Alabama, ya sha kaye a gida a hannun Louisiana-Monroe a 2007, amma kofin ƙasa 7 da ya tara ba sa'a ba ce. Kaka ɗaya mai wasa 12, wadda uku a ciki ƙwallo ɗaya ta raba, ita ce ba ta gaya maka komai.

Matsalarku ku 'yan yanzu gaggawa. Tunda aka buɗe wa 'yan wasa ƙofar sauya sheƙa daga makaranta zuwa makaranta a 2018, aka kuma halatta wa yara karɓar kuɗin talla a 2021, yaro in bai buga ba wata uku ya kama gabansa, ku mataimaka kuma kuna so ku zama manya kafin gemu ya fito. Kowa hoto yake nema da kofi ya ɗora a waya. Ba zan tsaya koya maka kallon bidiyo ba, wanda bai iya wannan ba ya je ya sayar da tikiti a ƙofa. Ka samo wasan farko da na ƙarshe na kowannensu, ka bar ƙwallo, ka kalli ƙafafun 'yan gaba. Ka bincika mai goman nan, cikin masu fara masa wasa nawa ne shi ya ɗebo, nawa za su gama bana. Mai ukun kuma ka ga su wa ya kara da su, da tazarar nawa aka ci shi. Sannan ka nemi waɗanda suka taɓa yi musu mataimaka ka ji inda suke yau.

Duk wanda ka zaɓa, abin da daraktan wasanni ya faɗa maka da baki ka ce ya rubuta ya sa hannu, kuma haya za ka kama, kada ka sayi gida. Ka turo min bidiyon kafin Juma'a in duba da kaina, don ban yarda da idonka ba tukuna.