Miyar sanyi ta Andalus: amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya ko da gaske ne mutanen Turai suna shan miya mai sanyi idan zafi ya tsananta, kamar yadda kika ji a labarai, ko ba ta ɓata ciki, sannan ko za a iya yin ta da kayan da ake samu a kasuwanninmu. Tun shekarar 2018 nake zaune da iyalina a birnin Kordoba da ke kudancin Sifaniya, wato yankin Andalus, inda wannan abinci ya fito, don haka zan ba ki amsa daga abin da na gani kuma nake yi a ɗakin girkina.

Kalmar miya ce take rikita mu. Idan Bahaushe ya ji an ce miya mai sanyi, abin da yake zuwa masa a rai shi ne miyar kuka ko ta taushe da ta kwana, mai ya daskare a samanta, kuma babu mai marmarin wannan. Abin da suke kira gazpacho ba a ɗora shi a wuta ko kaɗan, kuma ba a cin tuwo da shi. Ɗanyen kayan lambu ne ake markaɗawa da man zaitun, a sanyaya, a sha a kofi ko da cokali. Idan za a nema masa ɗan'uwa a abincinmu, fura da nono ce ta fi kusa da shi, domin aikinsu ɗaya ne: a kashe ƙishirwa da yunwa a lokaci guda, a ranar da jiki ba ya karɓar abinci mai nauyi. Asalinsa ma abincin leburorin gona ne, waɗanda suke daka busasshen burodi da tafarnuwa da gishiri da mai a cikin wani akushin katako, su zuba ruwa su sha a inuwa. Tumatir daga baya ya shiga, tunda sai a ƙarni na 16 aka kawo shi Turai daga nahiyar Amurka.

Na fara shan sa ne a azumin shekarar da muka zo, wanda ya faɗo tsakanin Mayu da Yuni, muna kai wa sa'a 16 ba ci ba sha. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ba Musulma ba ce, ta lura cewa sai rana ta faɗi muke cin abinci, sai ta aiko mana da shi a cikin jug. Na karɓa ne don kunya, ina tunanin yadda zan sha ɗanyen markaɗe, amma da na kurɓa bayan dabino sai na ji jikina ya dawo fiye da yadda ruwan sanyi kaɗai yake yi mini. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: akwai ruwa, akwai gishirin da gumi ya fitar, akwai mai da burodi da suke riƙe ciki.

Ga yadda nake yin sa. Ina samun tumatir kilo 1 wanda ya nuna sosai har ya fara laushi, da koren tattasai guda, da rabin kokwamba, da ƙwayar tafarnuwa guda wadda na cire tsiron da ke tsakiyarta don kada ta yi ta taso wa mutum, da ɗan gutsuren burodin jiya da na jiƙa. A markaɗa su da gishiri da cokali 2 na ruwan khal har su yi laushi, sannan a riƙa ɗiga man zaitun kamar cokali 4 zuwa 5 a hankali injin yana juyawa. Wannan ɗigawar ita ce sirrin aikin, domin ita take haɗa mai da ruwa su zama abu ɗaya, launin ya tashi daga ja ya koma ruwan goro, kauri ya zo kamar an sa madara. Daga nan a tace da rariya, a sa a firji aƙalla sa'a 2. Ba na jefa ƙanƙara a ciki saboda tana tsinka shi. Ruwan khal na nan galibi daga giyar inabi ake samar da shi, kuma malamai sun yi magana a kan hukuncinsa; wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta matsa lemun tsami, ni ma shi na fi amfani da shi.

Mutanen Kordoba suna da nasu nau'in da suke alfahari da shi, salmorejo, wanda ya fi kauri kuma shi na fi so. Ma'auninsa sananne ne a garin: tumatir kilo 1, burodi giram 200, man zaitun giram 100, tafarnuwa ƙwaya 1, gishiri giram 10. Babu kokwamba, babu tattasai, babu ƙarin ruwa. A nan ina jan hankalin duk wanda zai zo ziyara: a gidajen abinci ana barbaɗa masa dafaffen ƙwai da yankakken naman alade a sama, don haka dole ne mutum ya faɗa tun kafin a kawo cewa ƙwai kaɗai yake so. Akwai kuma ajoblanco na wajen Malaga, fari tas, da ake yi da ƙwayar almon da tafarnuwa da burodi, a ci da inabi. Shi kan tuna mini da kunun aya, kuma abin sha'awa, mutanen Balensiya suna da abin shansu na aya mai suna horchata, har ma Sifaniya tana sayo aya daga Nijar da maƙwabtanta.

Zafin da kika ji a labarai kuwa gaskiya ne, ba zuzutawar 'yan jarida ba ce. A watan Agustan 2021 wani gari mai suna La Rambla, a cikin wannan lardi namu, ya kai digiri 47.6, wanda shi ne mafi girma da aka taɓa aunawa a ƙasar. Ni da na tashi a Kano na ɗauka babu zafin da zai ba ni tsoro, sai na tarar a nan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, bango yana ta fitar da zafi har asuba. Bincike ya nuna cewa zafin shekarar 2022 ya yi sanadin mutuwar mutum sama da 60,000 a Turai, akasarinsu tsofaffi, kuma a 2023 gwamnatin Sifaniya ta kafa doka da ta taƙaita wasu ayyukan waje a ranakun da aka yi gargaɗin tsananin zafi. Duk lokacin da na karanta irin wannan sai hankalina ya koma kan masu turin baro da 'yan ga-ruwa da masu aikin gini na gida a watan Afrilu, waɗanda babu mai ƙirga abin da zafi yake yi musu.

Labaran sun shigo har cikin kwanon miyar. Fari ya sa man zaitun da ƙasar take samarwa ya ragu da fiye da rabi a kakar 2022 zuwa 2023, farashi ya ninka, har na ga manyan kantuna suna ɗaure kwalaben mai da na'urar hana sata, kuma a watan Yulin 2024 gwamnati ta ɗage harajin da ke kansa na wani lokaci. Maƙwabciyata, wadda duk rayuwarta ba ta taɓa auna mai ba, ta koma aunawa da cokali. Tumatir ma yana da nasa labarin da ya haɗa mu da su: tsutsar nan Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano a 2016, ta Sifaniya ta fara shiga Turai a 2006 daga Kudancin Amurka.

Game da ɓata ciki, sanyin ba shi ne abin tsoro ba, ɗanyantakar ce. Tunda babu wutar da za ta kashe ƙwayoyin cuta, duk abin da ke jikin tumatir ko cikin ruwa zai shiga ciki kai tsaye, kuma mun san yadda amai da gudawa suke yaɗuwa a wurinmu. Shawarata ita ce ki wanke kayan da kyau, ki tsoma tumatir da tattasai a tafasasshen ruwa na rabin minti, ki ɓare bawon tumatir da na kokwamba, kuma duk ruwan da za ki ƙara ya zama wanda aka tafasa ya huce. Kada ki kai niƙa injin unguwa, ki yi da naki a gida. A firjin da ba a ɗauke masa wuta yana kai kwana 2. Idan wutar ba ta da tabbas, a shanye shi a ranar. Na ga wannan da idona ranar 28 ga Afrilun 2025, da wuta ta ɗauke a kusan duk Sifaniya da Fotugal tun tsakar rana: abin da na markaɗa a jajibiri ya wayi gari yana kumfa da tsami, sai zubarwa na yi. Wadda ba ta da firji za ta iya zuba shi a kwalba mai murfi ta nutsa a randa, zai yi sanyin da ya isa.

Kayan duk akwai su a gida, kuma lokacin ya yi daidai, domin tumatirin noman rani na Kadawa da Kura yana da araha har zuwa farkon bazara. Sai dai tumatirinmu mai tsawo ya fi nasu tsami da ƙarancin ruwa, saboda haka ki rage lemun tsami ki ƙara ruwa rabin kofi. Burodinmu ma yana da sukari, don haka a sa kaɗan. Gurji yana maye gurbin kokwamba. Idan man zaitun ya yi tsada, man gyaɗa mai kyau wanda ba a soya komai da shi ba zai haɗa kaurin, ko da yake ƙamshin zai canza. Manja kam ba zai yi ba saboda yana daskarewa a sanyi. Na sha ɗiga masa ɗan attaruhu saboda maigidana, kuma ya karɓe shi sosai. Ki fara da rabin kilo ki ba mutanen gida a ƙananan kofuna kafin abincin rana, idan kin gwada ki faɗa mana yadda suka ji shi.