Tsohon babur ɗin ruwa yana juyawa amma ya ƙi kamawa: me zan fara dubawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Na sayi tsohon babur ɗin ruwa a hannun wani, ƙirar 1996, mai silinda biyu, irin mai ƙona fetur haɗe da baƙin mai. Mai shi ya ce lafiya lau ya ajiye shi shekara uku da suka wuce. Na sa sabon batir, na canja fulogi, na ƙara sabon fetur a kan wanda na tarar a tanki. In na danna maɓalli injin yana juyawa, wani lokaci ya yi tari sau ɗaya ko biyu, amma ba ya kamawa. Wani ya ce in sayi sabon koyil da akwatin wuta. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Akwatin wuta, wato na'urar da ke sarrafa tartsatsin fulogi, na cikin kayan da suka fi tsada a jikin babur ɗin, kuma a abin da ka bayyana ban ga laifinsa ba. Injin da ya yi tari, wuta ta kai fulogi ko da sau ɗaya ne. Zargina ya fi karkata ga mai, amma a bi a hankali, don akwai abin da ya kamata a gwada kafin a taɓa kafireto.

Kafin komai, ɗaga kujera ka bar cikin ya sha iska na 'yan mintoci, ka sunkuya ka shinshina. Cikin babur ɗin ruwa rufaffen akwati ne, tururin fetur kuwa ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasa. In ka ji warin fetur mai ƙarfi, nemo inda yake yoyo kafin ka sake danna maɓallin nan. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Tunda injin yana juyawa, ka tsallake babbar matsala guda: fiston bai kafe da tsatsa ba, farfelar da ke cikin famfon ruwan da ke tura babur ɗin gaba ma ba ta cije ba. Sai dai juyawa suna ta tara. Sabon batir ba lallai ne cikakke ba. Sa mita: a huce ya nuna kamar 12.6V, lokacin da sitata ke ja kuma kada ya faɗi ƙasa da 10V. In ya faɗi, duba kan batir da wayar da ke ɗaure a jikin inji. Irin waɗannan wayoyi sukan ruɓe daga ciki alhali robarsu tas take a ido. Kuma kada ka ja wuta daga motar da injinta ke kunne. Ta nan ne mutane da yawa suka ƙone akwatin wutar da a da lafiyarsa ƙalau.

Yanzu kwance fulogi biyun, ka maƙala hulunansu a jikin ƙarfen inji don wutar ta sami inda za ta sauka, ka ɗora tsumma a kan ramukan, ka juya inji na daƙiƙa biyar. Dubi tsumman. In ruwa ne ya feso, to ruwa ya shiga inji, kuma shekara uku yana kwance a kan boris. Wannan sai an buɗe inji. In baƙin mai ne ya yi ta tsartuwa, abin da sauƙi: wasu injinan, musamman injin Rotax da ke cikin baburan ruwa ƙirar Sea-Doo na wancan zamani, in suka daɗe a ajiye mai kan tsiyaya a hankali ya taru a ƙasan inji. Ka ci gaba da juyawa kaɗan-kaɗan, kana barin sitata ta huce, har ya daina fitowa.

Tun fulogi na waje, auna matsin silinda. Ni a wurina wannan gwajin ne ke yanke hukuncin ko babur ɗin ya cancanci a kashe masa kuɗi, shi ya sa nake sa shi gaba da wankin kafireto. Ɗaura agogon awon matsi a ramin fulogi, matse totur har ƙarshe, juya inji har allura ta daina hawa. Lafiyayyen inji na wannan zamani yakan ba da tsakanin 135 da 150 psi. Abin lura ma shi ne tazarar da ke tsakanin silindojin biyu, kada ta wuce kashi 10 cikin ɗari. In ɗaya ya ba da 145 ɗayan 90, ka daina neman laifin wuta ko mai. Fiston ko zobensa ne ya ci. Ƙasa da 100 kuwa, ko ya tashi a tudu, a ruwa ba zai tsinana komai ba.

Gwajin wuta ba zai ɗauke ka minti biyu ba. Sa fulogi a hularsa, jingina shi da ƙarfen inji nesa da ramin, danna maɓalli a inuwa. Shuɗin tartsatsi mai ƙara kake nema. In ja ne mai rauni, murɗe hular ka cire, ka yanke kamar milimita 6 daga bakin wayar ka mayar, don bakin ne ke fara tsatsa. In babu wuta sam, duba fis da kuma makullin igiyar da ake ɗaurawa a hannu. Ba ka faɗi kamfanin naka ba. A Yamaha da Kawasaki makullin ɗan maƙale ne kawai da ke riƙe maɓallin kashewa, amma wasu na Sea-Doo daga 1996 makullinsu na da lambar sirri, in babur ya gane shi sai ka ji ƙara gajere sau biyu.

To, mu zo ga mai. Zuba sabon fetur a kan tsoho bai gyara komai ba. Fetur da ya shekara uku ya riga ya rasa sashensa mai saurin kamawa, saura ya koma danƙo mai wari kamar tsohon fenti. In kuma mai haɗin etanol ne, ya zuƙi laima ya rabu gida biyu, ruwan ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bututu ke tsotsowa. Zuƙo kaɗan daga can ƙasa cikin kwalba mai haske, ajiye ta minti goma. Za ka iya ganin layi ya raba ta, sama fetur, ƙasa wani gurɓataccen ruwa. Kwashe tankin kaf.

Ga gwajin da zai raba gardama. Haɗa sabon fetur lita ɗaya da baƙin man inji mai bugu biyu (irin injin naka) mililita 25, wato 40 da 1. Zuba kamar ƙaramin cokali a kowane ramin fulogi, mayar da fulogi, danna maɓalli. In ya tashi da ruri na daƙiƙa biyu ko uku sannan ya mutu, ka sami amsarka: wuta da matsi suna nan, mai ne ba ya isowa. Ka guji feshin gwangwanin nan na tayar da inji, ba shi da maiƙo, kuma silindar da ta shekara uku a bushe ba ta buƙatar ƙarin wankewa.

Kafireton babur ɗin ruwa ba irin na babur ɗin titi ba ne mai kofin mai a ƙasa. Abin hawa ne da ke kifewa ya tashi, don haka aka yi masa irin na injin yankan itace: faifan roba mai laushi ne ke motsi da numfashin inji, yana tura ƙaramar allura ta buɗe wa mai hanya. Yawancinsu ƙirar Mikuni ne. In aka daɗe ba a kunna ba, faifan yakan bushe ya yi ƙarau kamar busasshen ganye, allurar kuma danƙo ya liƙe ta a mazauninta. A ciki akwai wata 'yar matata, ba ta kai kan ƙaramin yatsa ba, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba. Sau tari in ka zaro ta za ka tarar ta toshe ƙam. Fesa mai wanki daga waje ba ya kai wa nan, dole a kwance a sa sababbin faifai, allura da gaskit.

Abu biyu wajen kwancewa. Kafin ka cire sukurorin saitin mai, murɗa kowanne ciki a hankali har ya zauna, kana ƙirga zagaye, ka rubuta. Sannan ɗan sifirin da ke ƙarƙashin hannun allura, mayar da na asali in bai lalace ba. Shi ke ƙayyade matsin da allura ke buɗewa, wanda ya zo cikin kunshin gyara ba lallai ya dace da injinka ba.

Dubi tiyon mai ma. In masu launin toka ne, irin da aka sa wa Sea-Doo da yawa a shekarun 1990, canja su duka, domin cikinsu kan narke ya zama wani koren kaki da zai sake toshe kafireton da ka wanke. Kar ka manta da makunnin zaɓen mai, wanda ake buɗe ko rufe hanyar fetur da shi, shi ma yana toshewa, da siririn tiyon da ke kawo numfashi daga ƙasan inji zuwa famfon mai. In ya tsage, famfon ba zai ja ko ɗigo ba. Ƙananan tiyon da ke kai baƙin mai kuwa, lanƙwasa su ka gani. Wanda ya tsage zai bar injin ya tashi sumul, sannan ya buga bayan 'yan mintoci. Tankin farko ka zuba fetur haɗe da mai har ka tabbatar famfon baƙin man yana aiki.

Ranar da ya kama a tudu, kada ka bar shi ya wuce daƙiƙa goma sha biyar babu ruwan sanyaya shi. In za ka haɗa tiyon ruwa, inji ne farko sannan ka buɗe ruwa. Wajen kashewa, rufe ruwa tukuna sannan ka kashe inji, in ba haka ba ruwan zai bi ta salansa ya cika silinda. Ko da tiyon ma kada ya wuce minti biyar, don abin da ke tare ruwa a sandar farfela sai babur na cikin ruwa yake samun sanyi.