Amsa Kan Birgimar Yaro Lokacin Cin Abinci

'Yar'uwa, kin tambaya ko zanen hoto zai rage birgimar da ɗanki mai shekara 2 yake yi a gaban tuwo. A ganina zai taimaka, shi da sauran wasannin hannu irinsa. Bayan shekarar farko saurin girman yaro yana raguwa, cinsa ma yakan ragu, ga shi bakinsa bai iya faɗin abin da ke ransa ba tukuna. A gidanmu da ke Gwale nakan kwaɓa fulawa da ruwan zoɓo, 'yata ta mulmula 'yan malmala a faranti kafin a zuba abinci, kuma yanzu da hannunta take gutsurar tuwo, ko da yake miyar kuɓewa har yau sai da lallashi. Ki guji ɗura, sannan ki zauna kusa da shi, kada ɗanyen ƙullun ya shiga baki.