Yaya Jirgin Ruwa Ke Hawa Tudu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce ƙaramin jirgi mai tafiya da iska kan tashi daga tafkin Ontario ya hau zuwa tafkin Erie, alhali Erie ya fi tudu. Ta yaya? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne. Tsakanin tafkunan akwai mashigin Welland a Kanada, wato hanyar ruwa da aka haƙa, tsawonsa kusan kilomita 43, da ɗakunan ruwa 8 masu ƙofa gaba da baya. A jimlace suna ɗaga jirgi kimanin mita 99.

Jirgi zai shiga ɗakin, a rufe ƙofar baya, a saki ruwan da ke ɓangaren tudu ya kwararo cikin ɗakin ta ƙarƙashi, jirgin na tashi tare da ruwan. Ba famfo, gangarowa kawai yake. Sai ruwan ciki ya yi daidai da na gaba kafin a buɗe ƙofar gaba.

A cikin mashigin ana naɗe filafilan, wato ƙyallayen da iska ke turawa, da inji ake tafiya. Lokacin hawa ruwan kan riƙa juyi kamar yana tafasa, ya buga jirgi a bangon siminti, don haka a rataya matasan roba a gefe, mutum ɗaya ya riƙe igiyar gaba, ɗaya ta baya, suna ja a hankali. Wurin sauka kuwa, kada a kuskura a ƙulle igiya. Ruwa zai janye, jirgin ya rataye, ya karkace. A zagaya ta kawai a maɗauri, ana sassautawa, wuƙa na kusa don a yanke ta idan ta maƙale.

Wanda kuma ya bi mashigin Erie, wata hanyar ruwa daban a Amurka da aka buɗe a 1825, dole ya kwantar da doguwar sandar filafilai, saboda gadojin da ke kansa suna kusa da ruwa.