Na'urar wasa ta hannu ba sai da manhajojin tablet ba

Ɗan uwa, ka tambaya ko dole sai na'urar wasa ta hannu ta ɗauki manhajoji irin na tablet, su Netflix da Facebook, kafin ta yi kasuwa. Ni dai a ganina ba dole ba ne.

Dubi Nintendo Switch. Ranar 3 ga Maris 2017 ta fito, babu Netflix, babu burauzar da za ka buɗe ka yi yawo a intanet, YouTube ma sai a Nuwamba 2018 aka saka mata. An yi ta ƙorafi, amma yau an sayar da sama da miliyan 140. Zelda da Mario Kart 8 Deluxe ne suka sa mutane ciro kuɗinsu, wasannin da ba a samu a waya. Ga shi kuma kana iya zare ta daga jikin talabijin ka ci gaba da wasanka a cikin mota.

PlayStation Vita ta kamfanin Sony kuwa an cika ta da kaya, su Skype da Facebook da Netflix, har da samfuri mai 3G. Duk da haka ta kwanta, abin ban takaici, don na'ura ce mai kyau ƙwarai. Katin ajiyarta na Sony kaɗai ne, ga tsada, sannan manyan wasanni suka yi ƙaranci.

Mai sayen irin wannan na'ura yana da waya a aljihu, ita ke masa wancan aikin. Ko 3DS ma, na'urar wasa ta hannu da Nintendo ya fitar kafin Switch, rage farashi daga dala 250 zuwa 170 a 2011 ne ya farfaɗo da ita, tare da fitowar Mario Kart 7.