Amsa ga 'yar'uwar da ƙaninta zai fito daga gidan yari

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki cewa ƙaninki zai fito nan da wata biyu bayan ya yi shekara huɗu kan fasa shago, kuma dangi sun rabu gida biyu: wasu na cewa a yi karo-karo a ba shi jari, wasu na cewa a tura shi Legas wurin wani ɗan'uwa don kada ya zauna a unguwa ana nuna shi da baki. Allah ya fito da shi lafiya. Ni walda nake yi a Kano, kuma na daɗe ina karɓar yaran da suka fito daga gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse ta hannun limamin masallacinmu. Abin da idona ya gani zan gaya miki.

Duka shawarwarin nan biyu ban goyi bayansu ba, aƙalla a yanzu. Abin da ƙaninki ya fi rasa shi ne wanda zai tsaya masa. Mu nan komai da yarda ake yin sa. Mai Adaidaita Sahu ba zai ba ka mukulli ka riƙa kawo balas ba sai wani ya tsaya maka, haka ɗan kasuwa ba zai ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi ba, kai ko ɗakin haya sai an tambayi wa ya san ka. Wannan yardar ce ta karye ranar da aka kama shi, kuma ko miliyan kuka haɗa ba za ta ɗinke ba.

Don haka aikin farko naku ne, tun kafin ya fito. Ku nemi namiji babba mai mutunci, kawunku ko wani abokin mahaifinku, ya je wurin mai unguwa da liman ya gaya musu ranar fitowar. Daga nan su uku su taka har wurin mai shagon da aka fasa. Wannan ne mutane suka fi jin nauyi, kuma shi ne ya fi komai amfani. Kotu ta gama nata, amma mai shago kayansa ba su dawo ba, kuma muddin yana jin an bar shi da asara, duk majalisar da ya zauna zancen zai tayar. A ba shi haƙuri, a tambaye shi abin da ya rasa, in da hali a biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Kuɗin da kuke son yin jari da su, ni a ganina nan ya kamata kaso na farko ya tafi. Na ga inda bayan sulhu irin wannan, wanda aka yi wa satar da bakinsa ya hana yara tsokanar yaron.

Ranar Juma'ar farko kuma, babban nan ya riƙe shi su tafi masallaci tare, su dawo tare, su tsaya ana gaisawa. Kada a ɓoye shi a ɗaki kamar amarya. Unguwa ta riga ta sani, jira kawai ake a ga yadda ku danginsa za ku ɗauke shi. Limaminmu yakan tuna wa mutane hadisin mutumin da aka yi wa haddin shan giya, wasu suka fara yi masa mummunar addu'a, Annabi (SAW) ya hana su, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Ki roƙi limaminku ya taɓo wannan a karatun bayan magariba, ba tare da ya kama suna ba.

Sannan ki shirya ganin abubuwan da za su ba ki mamaki a gida. Wani yaro da aka kawo mini, watan farko in zai zagaya sai ya zo ya tsaya a gabana yana jiran izini. In an kawo abincin rana, sai ya koma lungu ya kare kwanon da hannu ɗaya, ya cinye cikin minti biyu yana waige-waige. In na ɗaga murya ina kiran wani, shi ne zai durƙusa. Wanda ya yi shekaru ana buɗe masa ƙofa ana rufewa, ana ƙirga shi safe da yamma, yana layin gabza, wato abincin gidan yari, ba rana ɗaya zai sake ba. Wani kuma akasin haka yake fitowa, abu kaɗan ya hau faɗa. Kada ku yi masa dariya, kada kuma ku takura masa da "ba mu labarin ciki". Idan ya so zai faɗa.

Duniyar ma ta canza masa. Wanda ya shiga kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, in ya ji kuɗin mota ko kuɗin kwanon shinkafa na yau, gani zai yi ana cutarsa. Layin wayarsa ya daɗe da mutuwa, wataƙila ba shi da lambar NIN, ga shi yanzu ko mai shayi taransifa yake karɓa. Wani ya raka shi a gyara waɗannan a makon farko. Takardar sallamar da za a ba shi kuwa a adana ta da kyau, a yi mata kwafi, a ajiye ɗaya wurin mai unguwa. Duk ranar da aka yi sata a layinku, ƙofarku 'yan sintiri za su fara bugawa, wannan kam ba makawa. In mai unguwa ya san inda yaron yake wuni, magana a nan take mutuwa.

A kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Cunkoso ya yi yawa a gidajen nan, domin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba. Ƙazuwa da tarin fuka suna yawo. In yana tari ya wuce mako biyu a gwada majinarsa. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kuma ba a yankewa. Idan da ma ƙwaya ce ta kai shi ga satar, ki faɗa wa kanki gaskiya tun yanzu. Rashin samu a ciki ba warkewa ba ne, balle ma wasu a ciki suke ƙara ƙwarewa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a nan Kano, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma tana da masu ba da shawara.

Yanzu batun sana'a. In kun je ziyara, ku nemi ganin jami'in walwala ku tambaya ko ya koyi wani abu a ciki. Tun da dokar 2019 ta mayar da sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ake ta maganar koyar da sana'a, kuma ana yi: ɗinki, kafinta, walda, takalmi, har akwai masu karatun digiri kyauta a jami'ar karatu daga gida ta NOUN daga ciki. Akwai kuma tsarin ba wa wasu kayan aiki bayan sun fito. Ba kowa ke samu ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Sai dai kada ku dogara da gwamnati. A watan Nuwamban 2023 ma'aikatar cikin gida ta fara sakin mutum 4,068 da aka biya wa tara da naira miliyan 585, aka ba kowa naira 10,000 ya koma gida. Abu ne mai kyau, kamar yadda attajiranmu ke biyan tara da azumi. Amma daga bakin ƙofa zuwa gaba, sai wanda yake da mutane.

Ko da ya iya sana'ar, a sa shi ƙarƙashin wani maigida tukuna, wata shida zuwa shekara. Ya samu inda zai tashi da safe ya tafi, a sallame shi da yamma da ɗan abin sabulu. Zaman banza ne ke mayar da su majalisar da suka baro, tsofaffin abokan nan kuwa su ne kaɗai za su tarbe shi da murna ba tare da tambaya ba. In suka ji yana riƙe da jari, mako biyu ya yi yawa. A gaya wa maigidan gaskiyar abin da ya faru, kada a rufe masa. In ya ji daga baya a bakin wani, korar za ta fi ciwo.

Yardar kuma a hankali ake miƙa ta. Yaron nan mai jiran izini, da ya kwana biyu sai na ƙirga kuɗin ƙarfe na ba shi a gaban sauran yara, na ce ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo. Gareji ya yi tsit. Ya dawo da ƙarfe a kan kura, ya miƙo mini rasit da canji har da naira ashirin, hannunsa na rawa. Yanzu shi nake turawa auna ƙofa a gidajen mutane. Ba duka ke ƙarewa haka ba. Akwai wanda ya ɗauke mini injin yankan ƙarfe ya sayar, bayan wata uku aka sake kama shi. Saboda haka ki sa rai, amma kada ki yi wa kowa rantsuwa a kansa. In an ga ya zauna, sai a sayi kayan aikin a ba shi, ba tsabar kuɗi ba.

Za a kawo muku maganar a yi masa aure "don ya nutsu". Ku dakata. Wanda bai fara ciyar da kansa ba, ɗora masa 'yar mutane ƙarin damuwa ne gare shi da ita.

Batun Legas kuwa, wuri ɗaya na yarda da shi: in an je wurin mai shagon ya ƙi sulhu kuma ana barazana, ko kuma abokan da suka yi fashin shagon tare suna nan a layin. To ko a nan, kada a sa shi a mota shi kaɗai da lambar waya a aljihu. Ɗan'uwan naku ya faɗa tun yanzu a ina zai kwana da kuma aikin da zai fara ranar Litinin, sannan ya yi ko da wata ɗaya a gida tare da mahaifiyarku kafin ya tafi.