Ɗalibi ya iya awo, amma bai san abin da awon ke faɗa ba

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce ɗaliban jinya da ake turo miki a nan Kumasi sun haddace littafi, amma da sun tsaya kan mara lafiya sai su rubuta awo su ja gefe suna jiran umarni, kina neman yadda za su koyi yanke shawara.

Ki fara da takardar awon da suke cikewa. Kada ki karɓi lamba ɗaya tsurarta, sai an haɗa da na baya. Ɗauki wanda aka yi wa tiyatar ciki da safe: bugun zuciya 88 da azahar, 104 da la'asar, 118 da magariba, awon jini (BP) kuwa yana nan 110/70. Ɗalibi zai ce lafiya lau, tunda jini bai sauka ba. To nan aikinki yake. In jini na zuba a ciki, jijiyoyi kan tsuke, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin, shi ya sa awon jini ke ƙarshen faɗuwa, balle ga matashi. Sa ɗalibin ya taɓa tafin hannun mara lafiyan ya ji ko ya yi sanyi, ya duba bandeji da kumburin ciki, ya ɗaga ledar fitsari. Mai kilo 60 ya kamata ya yi aƙalla mililita 30 a awa. In awa huɗu ta ba da 50 kacal, a kira likita yanzu, ba sai an zo zagaye ba.

Numfashi ma a ƙirga shi minti ɗaya cur da agogo. In kin ga 20, 20, 20 jere a takarda, galibi kintace ne. Ga babba, numfashi 22 ko fiye, da ruɗewa, da lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa, ya isa a yi zargin ƙwayar cuta ta mamaye jini.

Babban tarkonmu a Ghana shi ne kowane zazzaɓi maleriya ne. Kafin ɗalibi ya faɗi haka, ki ce ya kawo dalilai uku: ciwon tiyata ne, robar fitsari ce, ko wurin allurar ƙarin ruwa ne ya yi ja? Sannan wanne zai fi saurin kisa? Da shi ake farawa. Wanda ya ruɗe yana gumi, a auna sukarinsa tukuna. Ƙasa da 3.9 mmol/L ya sauka.

Da yawan ɗaliban sun gano matsalar, kunya ce ke rufe musu baki. Mun tashi da tarbiyyar ba a katse babba, ga tsoron tsawa. Ki koya musu tsarin kai wa likita rahoto na SBAR har ya zauna a baki: abin da ke faruwa, tarihin mara lafiya, abin da nake zargi, abin da nake roƙo a yi. Su gwada a kanki kafin su ɗaga waya.

Christine Tanner, malamar jinya a Amurka, ta kasa wannan tunani gida huɗu a 2006: lura, fassara, ɗaukar mataki, sai waiwaye. Na ƙarshen ne muka fi watsarwa. Bayan miƙa aiki ki ware minti 10, mara lafiya ɗaya kawai: me ka fara gani, me ka zata, me ya sauya maka ra'ayi? Ki yi shiru ki bar shi ya laluba, ko da amsar na bakinki. Gyara kuma a keɓe, ba a gaban mara lafiya da danginsa ba, don wanda aka disga yau gobe ko ya ga bugun zuciya 118 ba zai zo ya faɗa miki ba.